In Pasto Ya Koma Wata Ɗariƙa, Sai An Sake Keɓe Shi?

Karatu: Ayyukan Manzanni 9:26-28, 13:1-3, 18:24-28, I Timotawus 4:14, 5:22.

A wani taron majalisar gundumarmu, shekarun baya, aka kawo maganar wani pasto da ya fito daga wata ɗariƙa yana so ya yi aiki tare da mu. Ba yaro ba ne. Ya daɗe yana kiwon garken Ubangiji, ya yi wa mutane baftisma, ya ɗaura aure, ya binne matattu. Aka ce ya jira a waje. Ya zauna a gindin dalbejiya, mu kuwa muka shiga shawara. Wani dattijo ya ce, "Sai mu ɗora masa hannu kamar kowane sabon pasto, gama ba mu muka keɓe shi ba." Wani kuma ya tashi ya ce, "Baba, in mun yi haka, me zan faɗa wa uwargidana? Shi ya yi mata baftisma a garinsu tun tana budurwa. Ashe ba pasto ba ne a ran nan?" Ɗakin ya yi tsit.

Wannan tambaya ba ta pastoci kaɗai ba ce. Ta shafi kowane mai bi da ya taɓa karɓar baftisma ko Jibin Ubangiji daga hannun wani bawan Allah. Domin haka bari mu yi bincikenta tare.

Kafin mu buɗe Littafi, mu ɗauki misali biyu daga gida. Mutum mai tsagar gidansu a fuska, in ya bar Katsina ya koma Yola, ba wanda zai kira wanzami ya sake tsaga shi. Abin da aka yi an yi, yana tare da shi har kabari. Amma dagacin da aka naɗa a ƙasar Katsina, in ya ƙaura zuwa Yola da rawaninsa, ba zai zauna ya raba gardama ko ya yanka wa kowa gona ba. Rawanin yana nan, ƙasar ce ba tasa ba. To, keɓewar pasto tsaga ce ko rawani? Mu dai a ganinmu tana da duka biyu, yawancin rikicinmu kuwa daga cuɗa su ya ke fitowa.

Abin da Littafi ya nuna

Mu faɗi gaskiya tun da fari: a zamanin manzanni babu ɗariƙu. Ba za mu sami ayar da ta faɗi abin da za a yi da paston Baptis in ya koma Angilikan ba. Amma masu hidima su kan tashi daga wannan ekklesiya zuwa waccan, an kuwa rubuta mana yadda aka karɓe su.

Ku dubi Shawulu. Ubangiji da kansa ya kira shi a hanyar Dimashƙu, ya kuwa riga ya yi wa'azi a can. Duk da haka da ya zo Urushalima masu bi suka ji tsoronsa, ba su yarda almajiri ne ba. Ba laifinsu ba ne, sun san hannunsa. Abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne shaidar Barnaba, mutumin da su ke amincewa da shi. Bayan shekaru, sa'ad da Yaƙub da Kefas da Yohanna suka ga alherin da aka ba shi, ba su ce ya durƙusa su keɓe shi ba. Hannu suka miƙa masa, shi da Barnaba, alamar tarayya, suka raba aiki (Galatiyawa 2:9).

Labarin Afolos ya fi kusa da maganarmu. Mutumin Iskandariya ne, masanin Littattafai, mai iya magana, amma baftismar Yohanna kaɗai ya sani. Watau koyarwarsa da saura. Biriskilla da Akila ba su tsawata masa a gaban jama'a ba, suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Da ya tashi tafiya Akaya, 'yan'uwa na Afisa suka rubuta takarda domin a karɓe shi. Ga abu biyu ke nan, gyaran koyarwa da takardar shaida. Ba a ambaci sabon ɗora hannu ba.

Amma kada mu yi saurin cewa ba a ɗora wa mutum hannu sau biyu. A Antakiya Barnaba da Shawulu suna cikin annabawa da masu koyarwa tun tuni, duk da haka ekklesiya ta yi azumi da addu'a ta ɗora musu hannu sa'ad da Ruhu Mai Tsarki ya ware su domin sabon aiki. Wannan ba musun hidimarsu ta dā ba ne, sallama ce zuwa sabon fage. Ashe ba hannun ne abin gardama ba. Abin gardama shi ne, me mu ke nufi sa'ad da muka ɗora shi.

Bulus kuma ya tuna wa Timotawus baiwar da ya samu sa'ad da dattawa suka ɗora masa hannu, ya ce ya hura ta kamar wuta (II Timotawus 1:6). Bai ce a sake ba shi ita ba. Shi ne kuma ya gargaɗe shi kada ya yi garajen ɗora wa kowa hannu, domin kada ya yi tarayya cikin zunuban waɗansu. Wannan gargaɗi yana kan wanda za a keɓe, yana kuma kan wanda za a karɓa.

Yadda iyayenmu na dā suka yi

A shekara ta 325 bishop-bishop suka taru a Nikiya, a ƙasar da a ke kira Turkiyya yau. Mun fi sanin taron nan saboda shaidar bangaskiya, amma sun kafa dokoki 20 kuma, biyu daga ciki a kan maganarmu su ke. Akwai waɗansu mabiyan wani mai suna Nobatiyan, waɗanda suka rabu da sauran ekklesiya domin sun ƙi a karɓi masu bi da suka yi musun Ubangiji lokacin tsanani. Bangaskiyarsu game da Kristi daidai ta ke. Taron ya ce in masu hidimarsu sun komo a ɗora musu hannu, su zauna cikin matsayinsu. Masana har yau suna gardama ko wannan hannu na sulhu ne ko na sabuwar keɓewa, amma dai ba a mai da su baya kamar ba su taɓa yin hidima ba. Akwai kuma mabiyan Bulus na Samosata, wanda koyarwarsa ta rage Allahntakar Yesu. Su kam aka ce a sake yi musu baftisma, wanda aka iske ba shi da aibi a cikin masu hidimarsu a keɓe shi sabo. Ku lura da ma'aunin: ba a tambayi ko mutum namu ne ba, an tambayi wane Kristi ya ke wa'azinsa.

Gardama mafi zafi a Afirka aka yi ta. A shekara ta 303 Sarkin Rum Diyokiletiyan ya ba da umarni a ƙone Littattafai Masu Tsarki, waɗansu shugabannin ekklesiya kuwa suka ji tsoro suka miƙa nasu. Da tsanani ya wuce aka naɗa sabon bishop a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu. Sai waɗansu suka ce ɗaya daga cikin masu ɗora masa hannu yana cikin waɗanda suka miƙa Littattafai, saboda haka naɗin banza ne, baftismar da ta fito daga wannan layi ma banza ce. Aka san su da sunan shugabansu Donatus. Duk wanda ya zo wurinsu sai su sake yi masa baftisma. Ekklesiyar Afirka ta Arewa ta tsage biyu fiye da shekara 100, gari ɗaya bishop biyu.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, shi ya amsa musu. Ya ce ko wane ne ya zuba ruwan, Kristi ne mai yin baftisma. In tsarkin hannun pasto ne ke sa baftisma ta tabbata, wane mai bi ne zai kwana da kwanciyar rai, tun da shi ke ba wanda ya san zuciyar pastonsa? Ya kawo misalin soja. A zamaninsu a kan yi wa soja tambarin sarki a jikinsa. In ya gudu daga yaƙi sa'an nan ya komo, a kan hore shi ko a gafarta masa, amma ba a sake buga masa tambari. Haka keɓewa ta ke, in ji shi. A babban taron Kartaj na shekara ta 411, inda bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu suka hallara, ɓangaren Agustin ya yarda bishop-bishop na Donatus su riƙe matsayinsu in sun komo. Sai dai mu faɗa da baƙin ciki, bayan taron da ƙarfin hukuma aka bi da waɗanda suka ƙi, Agustin kuwa ya goyi bayan hakan. A nan ba za mu bi shi ba.

Wannan shi ne gefen tsaga. Gefen rawani kuwa, iyayen nan ba su manta da shi ba. Taron Nikiya ya hana masu hidima yawo daga birni zuwa birni. Taron Kalsidon na shekara ta 451 ya ce kada a keɓe kowa sai an ambaci wurin da zai yi hidima, kada kuma baƙon mai hidima ya yi aiki a wani gari in ba shi da takarda daga bishop nasa.

Inda ɗariƙu suka tsaya

Ekklesiyar Katolika tana koyar da cewa keɓewa ba ta tabbata sai ta hannun bishop wanda shi ma bishop ya naɗa shi, layi bai yanke ba har zuwa ga manzanni. Ta yarda da keɓewar ekklesiyoyin Otodoks na gabas, ko da shi ke sun rabu. Ta Angilikan kuwa, Paparoma Liyo na 13 ya yanke a shekara ta 1896 cewa ba ta tabbata ba. Tun kafin wannan hukunci ma haka a ke yi: John Henry Newman, sanannen malami na Ekklesiyar Ingila, ya koma Katolika a 1845, aka sake keɓe shi a Roma a 1847. A watan Janairu na 2011 mutum uku da suka yi aikin bishop a Ekklesiyar Ingila suka durƙusa a Landan aka keɓe su firistocin Katolika.

Angilikan sun ji zafin wannan hukunci ƙwarai, manyan bishop nasu biyu suka rubuta amsa a 1897. Amma ga abin mamaki. Faden Katolika in ya zo wurinsu su kan karɓe shi ba sabuwar keɓewa, paston Baptis ko na Firesbiteriyan kuwa sai bishop ya ɗora masa hannu, in dai ba wata yarjejeniya tsakaninsu. Tun dokar 1662 aka ƙarfafa wannan a Ingila, a shekarar da masu hidima wajen 2,000 suka rasa wuraren aikinsu domin sun ƙi sharuɗɗan dokar, ɗaya daga ciki kuwa shi ne keɓewa ta hannun bishop. Mudun da aka auna musu da shi, da shi su ke auna wa waɗansu. Kada mu yi dariya, gama mu ma muna da namu mudun.

Ekklesiyoyin da ba su rataya keɓewa a kan layin bishop ba, irin su Baptis da Firesbiteriyan da yawancin namu na bishara, suna cewa gādon manzanni koyarwarsu ce, ba taɓawar hannu ba. John Wesley, wanda bai taɓa zama bishop ba, da ya ga masu bi a Amurka ba su da mai ba su Jibin Ubangiji, sai ya keɓe musu masu hidima da hannunsa a 1784. Ƙanensa Charles ya yi fushi da shi matuƙa. In haka muka gaskata, to, mu ne ya kamata mu fi kowa sauƙin amincewa da keɓewar waɗansu. Dattijon da ya ce "ba mu muka keɓe shi ba" ya ari maganar Roma ne bai sani ba, alhali Roma tana da dalilinta na koyarwa, shi kuwa ba shi da shi.

An taɓa gwada warware ƙullin nan a Indiya. Bayan shawara ta shekara 28, ran 27 ga Satumba 1947, a birnin Madaras, Angilikan da Metodis da Firesbiteriyan da Kongirigeshan na kudancin ƙasar suka zama ekklesiya ɗaya. Suka karɓi dukan pastocin juna yadda su ke, ba a sake ɗora wa kowa hannu ba, amma aka yarda daga ran nan kowane sabon pasto bishop ne zai keɓe shi tare da pastoci. Sauran Angilikan na duniya suka yi shekaru suna ɗari-ɗari da su saboda wannan. Domin haka da na arewacin Indiya suka haɗu a 1970 sai suka bi wata hanya: aka yi sujada inda aka ɗora wa dukan masu hidima hannu, har da bishop-bishop, ana roƙon Allah ya ba kowa abin da ya rasa. Waɗansu suka ce tawali'u ne. Waɗansu suka ce dabara ce domin kowa ya fassara abin yadda ya ga dama. Mu mun fi son hanyar kudu, domin ta fi fitowa fili.

A nan Nijeriya ma Angilikan da Metodis da Firesbiteriyan sun shirya haɗuwa a watan Disamba na 1965. Saura kwanaki kaɗan aka ɗage, bayan waɗansu ekklesiyoyin Metodis na Legas sun kai ƙara kotu. Juyin mulki ya biyo baya a Janairun 1966, sa'an nan yaƙi, maganar ba ta sake tashi ba.

A gidanmu

Mu da mu ke sujada da Hausa, iyakokin ɗariƙunmu yawancinsu ba mu muka ja su ba. Mishan ne suka raba ƙasa tsakaninsu, mutum ya tashi ya iske kansa ɗan wannan ɗariƙa domin waɗanda suka fara zuwa ƙauyensu ke nan. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda a ke kira TEKAN yanzu, aka kafa ta a 1955. Littafi ɗaya mu ke karantawa, waƙoƙinmu da yawa ɗaya ne. Zai yi mana wuya mu ce wa paston da ya fito daga tsallaken kogi ba bawan Allah ba ne.

Amma bambanci yana nan, kada mu rufe ido. Cikin TEKAN kanta, Lutaran suna yi wa jarirai baftisma, 'Yan'uwa kuwa sai wanda ya ba da gaskiya, su kan kuma nutsar da shi sau uku. Paston da ya tashi daga nan zuwa can dole a zauna da shi kamar yadda aka zauna da Afolos, a ji ko zai iya koyar da abin da sabon garkensa ya gaskata da zuciya ɗaya. Mutumin da ya yi alkawari da baki domin ya sami wurin aiki, ba zai shekara biyu ba sai ekklesiya ta rabu a hannunsa. Wannan bincike ba raini ba ne ga keɓewarsa. Maganar rawani ce, kowace ekklesiya tana da ikon faɗin wanda zai hau bagadinta.

Babban hatsarinmu ma ba na koyarwa ba ne. Shi ne paston da aka sa a ƙarƙashin horo saboda kuɗin ekklesiya ko saboda mace, ya kwashe kayansa da dare, bayan wata uku a ji shi a wata ɗariƙa da sabuwar kwala a wuya. Waɗanda suka karɓe shi suna murna sun sami ma'aikaci, wataƙila har da rabin garkensa. Ba su tambaya ba domin ba su so su ji. Irin wannan ne Bulus ya kira tarayya cikin zunuban waɗansu. Takardar da mutum ya riƙo a aljihunsa ba ta isa ba. Sai majalisa ta rubuta wa majalisa, ta jira amsa, ko da amsar za ta daɗe.

Akwai kuma inda keɓewa sabuwa ta zama dole, mu kuwa ba ma kiranta ta biyu, gama ta farin ba ta kasance ba. Wanda ya fito daga ƙungiyar da ke musun Allahntakar Kristi, ma'aunin Nikiya ya ishe mu a kansa. Haka kuma wanda ya naɗa kansa, ko ya biya kuɗi aka ba shi takarda, ba wata ekklesiya da ta gwada shi ta kira shi. In mutumin kirki ne, ya bi ta ƙofar da kowa ya bi.

In kuwa namu ne ya tafi inda za a sake ɗora masa hannu, kada waɗanda ya yi wa hidima su damu. Ko Katolika, da ba ta yarda da keɓewarmu ba, koyarwarta ita ce baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki tabbatacciya ce, ko da ba firist ne ya yi ta ba. Uwargidan ɗan'uwanmu ba ta da abin tsoro.

Shi kuwa mutumin da muka bari a gindin dalbejiya, ran nan ba mu ba shi amsa ba. Muka rubuta wa majalisarsa ta dā. Bayan wata biyu amsa ta zo: ba shi da laifin kuɗi, ba shi da na mace, amma ya tafi cikin fushi saboda an canja masa wurin aiki, bai yi sallama da kowa ba. Muka ce ya koma ya nemi sulhu tukuna. Abin ya yi masa nauyi, amma ya tafi, ya komo da takarda ta biyu. Ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin wani pasto da ya girme shi kaɗan, aka zauna da shi sau uku a kan maganar baftisma da tsarin mulkin ekklesiyarmu. Ran wata Lahadi aka tsai da shi a gaban jama'a, shugaban gunduma ya faɗi shekarar da aka keɓe shi da wurin da aka yi, ya ce mun amince da ita, sa'an nan pastoci suka zo ɗaya ɗaya suka ba shi hannu. Dattijon nan bai sake ra'ayinsa ba har ya rasu. Amma shi aka roƙa ya yi addu'a a ran nan, ya kuwa yi.